Daga Gwandu zuwa Kalgo tare da ɗalibin tuƙin jirgi

Ɗaurin aure ne ya tashe mu daga Gwandu zuwa Kalgo a tsakiyar hunturu, ni da ɗan ƙanwata da ya zo hutu daga kwalejin tuƙin jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa tun 1964. Tun da muka bar gari bai ce uffan ba, idonsa na kan gonaki. Na ce, "Kai kuwa, noma za ka koma?" Ya ce, "Kawu, wurin sauka nake nema. Haka aka saba mana."

Jiragen da suke koyo da su, irin su Tampico TB-9 da Diamond DA40, inji ɗaya gare su. Ana cikin tafiya sai malami ya janye wuta ba sanarwa, ya ce inji ya mutu, nuna mini inda za ka sauka. Direbanmu ya ce ai daga nan sai salati. Yaron ya ce salati dole ne, amma jirgin ba ya faɗowa kamar dutse. Duk mita 1 da ya sauko, yana cin gaba kimanin mita 9, wato daga tsayin mita 1,000 akwai wajen kilomita 9 a hannun matuƙi. Aikin farko shi ne sunkuyar da hancin jirgi don a riƙe gudu. Wanda tsoro ya sa ya ɗaga hanci, gudun zai ƙare, fukafukai su daina ɗaukar jirgin.

Daga nan gonakin da na sani tun ina yaro suka canza mini kama. Na nuna masa wata gonar gero da aka girbe, fetal. Ya ce ba laifi, muddin an bi tsawon kunya. In aka gitta ta, tayar gaba za ta karye. Wata ya ƙi ta saboda gawo biyu a tsakiya, wata saboda suri. Wani hayaƙin ƙona kara da ni ban kula da shi ba, shi ya gaya masa inda iska ta dosa, don fuskantar iska ake yi a sauka. Kwalta fa? Ya girgiza kai: wayoyin lantarki ba sa ganuwa daga sama, ga babura, ga shanu.

Da muka zo daidai filin jirgin Sir Ahmadu Bello a Ambursa, sai ya ce mafi munin lokaci shi ne inji ya ɗauke jim kaɗan da tashi. Zuciya kan ce a juya a koma fili, tsayin kuwa bai isa ba. Abin da ake koya musu shi ne su sauka a abin da ke gabansu. Sanadin mutuwar inji kuma sau da yawa ba wani abin mamaki ba ne: mai ya ƙare, ko an manta an bar shi a tankin da ya ƙafe, ko ruwa ya kwanta a gindin tanki. Shi ya sa kafin tashi ake tsiyayo mai a ɗan kofi a ɗaga a duba. Har ƙanƙara kan toshe kafireta a ranar da ake gumi, in akwai laima a iska. Wannan kam direba bai yarda ba har muka rabu.

Bayan Birnin Kebbi, mun kusa Kalgo, na hango fadamar shinkafa kore shar, shimfiɗe. Na ce ga fili. Ya ce nan ne taya za ta nutse jirgi ya kife. Gonar da manomi ya fi so, ita matuƙi ya fi gudu, kuma a ganina hujjarsa ta fi tawa.

Manoma, in wata rana ƙaramin jirgi ya sauka a gonarku, ku taimaki na ciki su fito, ku ja baya. Kada a kunna ashana, kada a taɓa farfela, kada a ɗauki ko ƙusa, a kira hukuma.