Azurfar Iyayenmu a Agadas

Mu shida muka tashi daga Damagaram da asuba, muka bi ta Tanut, sai yamma liƙis muka hango hasumiyar masallacin Agadas mai tsawon mita 27. Sarin kaya ya kai mu. Amma ɗayarmu ta ƙulle sarƙar azurfar marigayiya innarta a bakin zane, za ta sayar ta biya maganin ɗanta.

Washegari muka shiga rumfar wani tsohon maƙeri Buzu, yana zaune gaban zuga-zugi. Ya juya sarƙar a tafin hannu, ya nuna mana babu ƙwaya biyu masu kama ɗaya, alamar aikin hannu ke nan. Ya ce maƙeran da kan narka tsofaffin kuɗin azurfa na Turai, masu ɗauke da shekarar 1780, su ƙera irin wannan.

"Hajiya, in na ɗora ta a sikeli, nauyi kaɗai zan biya. Aikin da tsufan, masu tara kayan da a ƙasashen waje ke cin ribarsu."

Muka yi tsit. A faifansa ga tsofaffin sarƙoƙi jibge, kowace daga wuyan wata ta fito.

Nan take muka kira sauran mata a waya, aka yarda asusu ya ranta mata. Sarƙar ta dawo gida.

Ƴan uwa, kafin wata ta kwance kayan gado, ta fara zuwa taron mako. Bashi ana biyansa, azurfa in ta narke shi ke nan.