Akuyar Inna da Mai Dubawa Na Biyu

'Yan ɗakinmu sun san ni da hali guda a wannan zangon: duba imel. Ko a layin ɗiban ruwa nake, ko a tsakiyar lakca, sai na zaro waya na leƙa. Har suka fara tsokanata wai saurayi na yi a Turai. Ba saurayi ba ne. Amsar editan wata mujallar kimiyya nake jira, kuma labarin yadda na kai ga wannan jiran nake son in ba ku, har da wurin da ban fito da kyau ba.

Abin ya faro ne daga gidanmu. Inna tana kiwon jajayen awaki, irin na Sakkwato da ake kira na Maraɗi a ƙetaren iyaka, da 'yan tumaki Yankasa guda huɗu ko biyar. Tun ina ƙarama nake jin tana cewa akuya ba ta da riƙon ciki kamar tunkiya, ƙiris take jira ta yi ɓari. Ban taɓa ɗaukar maganar da muhimmanci ba sai ranar da malaminmu ya zo kan darasin homon a shekarar farko.

Ga waɗanda ba sashenmu ba, homon saƙo ne da wani sashe na jiki ke zubawa cikin jini, ya tafi ya ba wani sashe umarni. Kalmar kanta ba ta tsufa sosai ba, wani Bature ɗan Ingila, Ernest Starling, ya fara amfani da ita a 1905. Amma tun a 1849 wani malami a Jamus mai suna Berthold ya fiɗiye zakaru, ya ga sun daina cara, sun daina faɗa, zankonsu ya motse. Da ya dasa musu maraina a cikin ciki, inda babu jijiyar da ta haɗa su da wurinsu na asali, sai suka koma zakaru sosai. Ke nan ta jini saƙon yake bi. Abin da ya fi burge ni shi ne homon ɗaya yakan yi aiki daban a dabbobi daban. Furolaktin da ke sa saniya ta kawo nono, shi ne ke sa tantabara ta haɗa farin abincin da take ɗura wa 'ya'yanta, mace da namiji duka, shi ne kuma ke taimaka wa kifin ruwan daɗi ya riƙe gishirin jikinsa. Homon ɗin da ke fitowa daga wuyanmu shi ne ke mayar da talibambam kwaɗo.

Sai Malam ya zo kan furojestaron, homon ɗin da ke riƙe ciki. Ya ce akuya da tunkiya duk kusan wata biyar suke yi da ciki, amma ba hanya ɗaya suke bi ba. A farko dukansu suna samun wannan homon daga wani ɗan ƙulli ruwan ɗorawa da ke tsirowa a ma'ajiyar ƙwai bayan ƙwan ya fita. A tunkiya, idan ciki ya kai wajen kwana 50 zuwa 60, mabiyiya takan karɓi aikin, ko an cire ɗan ƙullin cikin zai zauna. Akuya kuwa da wannan ƙullin take dogara har ranar haihuwa. Idan ya lalace, ciki ya zube.

Wallahi a kujerata na ji kamar an kunna mini fitila. Na ce ashe Inna ta riga littafi.

Da lokacin SIWES ya zo, mu uku muka roƙi a bar mu a gonar makaranta, muka fara aikin furojet ɗinmu tun da wuri. Awaki 10, tumaki 10, duka an san ranar da aka yi musu barbara. Za mu ɗebi jini a jijiyar wuya sau huɗu, a kwana na 30, da 60, da 90, da 120, mu gwada yawan furojestaron, mu kwatanta. Kwalabe 80 ke nan. Farantin gwajin ELISA ramuka 96 gare shi, wasu na ma'auni ne, kuma kowane jini sai an sa shi a rami biyu, don haka sai da muka sayi faranti biyu. Kuɗin ba na wasa ba ne. Kasona Inna ce ta biya, bunsurunta ta sa aka kai kasuwa. Ta ce, "Tafi ki gano mini abin da ke damun awakina."

Sakamakon ya fito da kyau, sai wuri ɗaya. A kwana na 90 lambobin duka sun faɗi, na awaki da na tumaki, sannan suka sake tashi a kwana na 120. A littattafai kuwa na tunkiya hawa yake yi a daidai wannan lokacin. Ɗaya daga cikin abokan aikina ya ce, "Ke, a ɗan ɗaga su mana, wa zai sani? Kowa haka yake yi." Na ƙi, na yi ta masifa, na ce ni ba zan ƙirƙiri lamba ba. Na ji daɗin kaina ƙwarai a ranar. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Malamin da ke duba aikinmu ya ce abin ya isa a gwada aika shi mujalla, ko da a matsayin gajeren rahoto. Ɗalibin difuloma da takarda a mujalla! Na kwana ban yi barci ba.

Nan na gane rubuta furojet daban, rubuta takardar mujalla daban. Shafi sittin da wani abu sai da suka koma takwas. Babin nan na biyu da muke cikawa da abin da muka kwaso daga intanet, sakin layi uku ya zama. Kowace mujalla tana da ƙa'idojinta ga marubuta: yawan kalmomin taƙaitawa, yadda ake jera manazarta, girman hoto, har da shaidar cewa an sami izinin kwamitin kula da haƙƙin dabbobi kafin a taɓa su da allura. Akwai wasiƙar da ake rubuta wa edita, a ciki ka tabbatar ba ka aika takardar wani wuri ba, domin ba a aika wa mujallu biyu a lokaci guda. Akwai kuma maganar jerin sunaye. Malam ya zaunar da mu ya ce wanda ya fi yin aikin shi ne na farko, shi kuma zai zo ƙarshe. Na ji labarin wuraren da ba haka ake yi ba, don haka ina faɗa ne don a san ana samun masu adalci.

Mujallar farko ta ƙasar waje ce, babba. Kwana tara suka dawo mana da ita, ko wurin masu dubawa ba ta kai ba. Layi uku: dabbobin sun yi kaɗan, kuma bambancin akuya da tunkiya abu ne da aka daɗe da sani. Na yi kuka a banɗaki don kada a gan ni.

A makon ne wani saƙo ya shigo, yana kirana da Dakta. Ni da ko difuloma ban karɓa ba. Wai sun ga ƙwarewata, za su buga takardata cikin kwana bakwai, in dai na biya wasu daloli. Na kai wa Malam da murnata. Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ba ni labarin wani ɗan jarida, John Bohannon, wanda a 2013 ya haɗa takardar bogi da gangan, cike da kurakuran da ɗalibi ma zai gani, ya aika wa mujallu 304. Guda 157 suka ce sun karɓa. Malam ya ce, "Irin waɗannan kanti ne, ba mujalla ba. Wanda ya san aiki, yana ganin sunansu a takardunki zai ajiye ki gefe." Ba duk mai karɓar kuɗi ce ta bogi ba, akwai na ƙwarai da ke caji, wasu ma sukan yafe wa marubuta daga ƙasashe irin namu. Alamar ita ce alƙawarin bugawa kafin a duba.

Muka aika wa ta biyu, ta nan gida, wadda ke cikin rumbun mujallun Afirka na AJOL. Wata uku shiru. Sai ga amsa: a yi babban gyara a dawo da ita. Masu dubawa biyu ne, ba mu san su ba. Na farko ya yi magana a kan Turanci da jadawali. Na biyu kuwa tambayoyi goma sha ɗaya ya jero, biyu daga ciki suka tsaya mini a wuya.

Ta farko: mun rubuta a ƙarshen takarda cewa wannan ne dalilin da ya sa awaki suka fi tumaki ɓari. Ya ce a ina muka gwada haka? A cikin dabbobinmu 20 babu wadda ta yi ɓari. Ɓari kuma yana iya zuwa daga cuta, ko yunwa, ko guba a ciyawa. Gaskiyarsa. Maganar Inna ce na ɗauko na sa mata rigar kimiyya. Tana iya zama daidai, amma ba aikinmu ne ya nuna ba.

Ta biyu ita ce ta sa na ajiye wayar. Ya ce faɗuwar da aka gani a kwana na 90 ba ta yi kama da abin da ke faruwa a jikin dabba ba, ta fi kama da abin da ke faruwa a cikin kwalba. A jinin dabbobi masu tuƙa, idan aka bar shi ba a raba ruwansa da jajayen ƙwayoyi ba, ƙwayoyin sukan ci gaba da sauya furojestaron, sai ya ragu, musamman a wuri mai zafi. Ya tambaya: awa nawa jinin ya yi kafin a sa shi a injin da ke wulwula shi ya raba?

A takarda mun rubuta cewa cikin awa biyu. Ni na rubuta da hannuna. Haka aka yi a kwana na 30, da 60, da 120. Amma ranar ɗiba ta uku an ɗauke wuta tun safe, janareto babu mai, kwalaben suka kwana a kan benci sai washegari. Na sani. Ban manta ba. Lokacin da nake rubutu na ce a raina ai ƙaramin abu ne, na kwafi jimlar yadda take a tsarin aiki, na wuce. Har na fara raya wa kaina cewa wataƙila wani sabon abu muka gano a dabbobinmu na gida. Ni da na yi wa abokin aikina wa'azi a kan ƙirƙirar lamba, ashe na ƙirƙiri awa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma wani mutum da bai taɓa ganin lab ɗinmu ba ya hango ƙarshensa daga jadawali kawai.

Kwana biyu ina juya abin. Da na amsa cewa awa biyu ne, babu mai iya ƙaryata ni. Littafin lab yana hannuna. Abokan aikina ma ba za su ce komai ba. A rana ta uku na ɗauki littafin na tafi ofis.

Na ce, "Malam, akwai abin da ban faɗa maka ba." Na buɗe masa shafin. Ya karanta, ya daɗe bai ce komai ba. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Can ya ce, "Kin san sunana yana kan takardar nan?" Na ce na sani, Malam. Ya ce, "Da an buga ta haka, wani ɗalibi a wata makaranta zai ɓata shekara da kuɗin iyayensa yana neman faɗuwar da babu ita." Sannan ya jawo kujera ya ce in zauna mu rubuta amsa.

Mun amsa tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ake yi. A kan ta kwana na 90 muka faɗi abin da ya faru ba kwana-kwana, muka cire lambobin ranar daga lissafi, muka bayyana dalili a cikin takardar kanta. Kwalabe 20, rubu'in aikinmu, suka tafi. Jimlar ɓari ma muka goge ta, muka ce abu ne da ya kamata a bincika da dabbobi masu yawa. Takardar ta rame, abin da take iƙirari ya ragu sosai. Abin da ya rage shi ne ma'aunin homon ɗin a jajayen awaki da Yankasa na gonarmu a lokuta uku, kuma wannan zan iya rantsuwa a kansa.

Da na je gida hutun tsakiyar zango Inna ta tambaye ni, "To, 'yar boko, me ke damun awakin?" Na ce, "Inna, ban gano ba tukuna." Ta ce, "Bunsuruna fa?" Muka yi dariya, amma ta shige ni.

'Yan aji ɗaya da za ku fara furojet baɗi, ga abin da zan bar muku. Ku sayi littafi mai bango mai ƙarfi, ku rubuta komai a ranar da ya faru, har da ƙarfe nawa aka ɗauke wuta da ƙarfe nawa aka dawo da ita. A lab irin namu wannan ma sakamako ne. Idan kun zo rubutu, ku rubuta abin da kuka yi, ba abin da tsarin aiki ya ce a yi ba. Ku nemi izinin kwamiti kafin ku fara, ba bayan kun gama ba. Duk saƙon da ya kira ku Dakta, ku nuna wa malaminku kafin ku taɓa aljihu.

Yau kwana 26 da muka mayar da takardar. Shafin mujallar yana nuna tana hannun masu dubawa. Wataƙila su karɓa, wataƙila mai dubawa na biyu ya ce abin da ya rage bai isa ba, kuma yana da hujja in ya faɗi haka. Jarrabawar ƙarshe saura mako biyar, mai yiwuwa amsar ta same ni a gida ina ba awakin Inna dusa. In kun gan ni a bakin famfo ina duba waya, ku daina cewa saurayi ne. Ku dai taya ni da addu'a.