Mun Zaci Yana Cikin Ɗaya Motar

Karatu: Luka 2:41-52

'Yan'uwa cikin Almasihu, akwai labarin da mu shugabannin zumuntar matasa ba mu cika son bayarwa ba, domin akwai kunyarmu a ciki. Amma hutu ya matso, takardun gayyatar gasa sun fara shigowa, gara mu faɗe shi.

A wani hutun Ista mun kai yaranmu 'yan ƙwallo Zariya, wata gasa da 'yan'uwa na can suka shirya. Su 18 ne, ƙaraminsu shekararsa 12. Yara ne da suka tashi suna buga ƙwallo a layukan Sabon Gari, ba su da burin da ya wuce wata rana su taka filin wasa na Pillars sanye da riga mai lamba. Muka ɗauki hayar bas biyu, mu manya huɗu, bibbiyu a kowace mota. Fasto ya yi mana addu'a, iyayenmu na Zumuntar Mata suka cika mana jaka da burodi da ruwan leda, muka kama hanya.

An cire mu a wasan kusa da na ƙarshe da bugun fenareti. Kafin a gama gaishe-gaishe yamma ta yi, direbobi suna ta danna mana oda. Yara suka faɗa motoci, kowa inda ya ga abokinsa. Muka leƙa, muka ga motoci sun cika, muka ce a tafi. Ba wanda ya kira suna.

Sai a Kwanar Dangora, da muka tsaya sayen ruwa, wani yaro ya ce, "Koci, ina ƙaramin golanmu?" Na motar gaba sun zaci yana motar baya, na baya sun zaci yana gaba. Mu huɗu muka tsaya a bakin titi muna kallon juna.

Muka buga wa 'yan'uwan Zariya waya, wani ya hau babur ya koma filin. Ya tarar da yaron a kan bencin wani dattijo mai shayi, Musulmi, wanda ya ga yana kuka ya zaunar da shi ya haɗa masa shayi da burodi. Ashe safar hannunsa ya koma nema a bayan raga. Ba shi da waya, bai haddace lambar ko ɗayanmu ba. Mota ɗaya ta wuce Kano da sauran yaran, biyu daga cikinmu suka juya da ɗayar.

Sha ɗayan dare ta wuce kafin mu iso ƙofar majami'a. Mahaifiyarsa tana nan zaune a kan dakali. Ba ta ɗaga murya ba. Ta rungume ɗanta, sannan ta dube mu ta ce, "'Ya'yana, ai ba mota na danƙa wa yaron nan ba, ku na danƙa wa."

Tun daga ranar muke karanta Luka 2 da wani ido dabam. Yesu ma shekararsa 12 lokacin da aka baro shi a Urushalima bayan Idin Ƙetarewa. Yusufu da Maryamu ba sakarkarun iyaye ba ne, mutane ne masu tsoron Allah. Duk da haka sun yi tafiyar yini guda suna tsammanin yana cikin ayari, kuma sai bayan kwana uku suka same shi a Haikali. Mu ma abin da ya ci mu ke nan. Ba ƙauna muka rasa ba, zato ne ya yi mana yawa. Yaron da aka ce na kowa ne, a hanya ba shi da kowa.

Akwai wani abin kuma da ba mu auna ba sai daga baya. Kuskurenmu ya sa mun bi hanyar Zariya zuwa Kano cikin dare, da direban da ya fito tun asuba. A ranar 31 ga Mayu, 2025, a kan wannan hanyar, motar da ta ɗauko 'yan wasan Jihar Kano daga Gasar Wasanni ta Ƙasa a Abeokuta ta faɗa ƙarƙashin gada a wajen Chiromawa. Fiye da mutum 20 suka rasu, gida ya rage kaɗan. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta ambaci gajiya da gudu bayan doguwar tafiyar dare. Da muka ji, jikinmu ya yi sanyi, domin mun san gadar.

Yanzu ga yadda muke tafiya. Kowane babba yana da yara biyar ko ƙasa da haka, da sunayensu a takarda a aljihunsa. Motar da yaro ya shiga da safe ita zai shiga da yamma, kuma ba ta motsawa sai an kira suna ya amsa da bakinsa. Kowane yaro yana ɗauke da kati mai lambobin waya biyu. Iyaye suna sa hannu, suna kuma faɗa mana in yaro yana da asma ko sikila ko wani maganin da yake sha. In dare zai yi mana, mu kwana. Inda aka kwana kuwa, babba ba ya keɓewa da yaro shi kaɗai a ɗaki, ko da Koci ne, ko da ɗan dattijon ikilisiya ne, kuma in akwai 'yan mata sai da uwa daga Zumuntar Mata. Baƙon da ya zo da alkawarin kai yaro Turai, mu haɗa shi da iyaye, mu kuma tuna musu cewa dokar FIFA ta hana sauya wa ɗan ƙasa da shekara 18 ƙungiya zuwa wata ƙasa, sai da wasu 'yan sharuɗɗa.

Wani ɗan'uwa ya taɓa tambayarmu ko wannan ba ƙarancin bangaskiya ba ne, tunda mun riga mun yi addu'a. Muka ce masa makiyayin da ya gane tunkiya ɗaya ta ɓace cikin ɗari, ai ƙirgawa ya yi.

Addu'a: Ya Ubangiji, ka gafarta mana sakacinmu. Ka ta'azantar da iyalan da suka rasa 'ya'yansu a hanya. Ka sa wa dattijon nan mai shayi albarka. Ka ba mu ido a kan kowane yaron da aka danƙa mana, har mu mayar da shi hannun iyayensa lafiya. Cikin sunan Yesu, Amin.