An bar jaki ana dukan taiki

Jama'a, duk lokacin da na ji Trump yana cewa baƙin haure ne suka ƙwace aikin Amurkawa, sai in girgiza kai. Bayan Chaina ta shiga Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya a 2001, kayanta masu araha suka cika kasuwannin Amurka, masaƙu da masana'antun kujeru na jihar North Carolina suka yi ta rufewa. Mai jari ya ci riba, mai saye ya samu sauƙi, ma'aikaci kuwa ya koma aikin kanti da albashin da bai kai na da ba. Mu ma atamfar Chaina da rashin wuta sun durƙusar da masaƙun Kaduna. To wane baƙo ne ya karɓe aikin mutanen Kakuri? Dukan baƙo ba zai buɗe masaƙa ba, wallahi.