Sa'ad da Muke Bin Littafi da Ƙafa

A Turba ta ƙuruciyarmu ana gane littafi da hanci tun kafin a buɗe shi. Na zauren Baba ƙamshin fatar gafaka yake yi, haɗe da tawadar ƙaro da hayaƙin aci-balbal. Idan wani malami ya zo daga Isa ko Sabon Birni neman aron littafi, ba a yi masa maganar kuɗi. Baba zai miƙa masa da hannu biyu, ya ce, "Malam, a dai maido muna shi kahin ruwa ya sauka." Mutumin zai tafi ya yi watanni yana kwafa da alƙalamin kara, ranar da ya dawo kuma ya haɗo da ɗan goro da addu'a. Haka littattafan Shehu da na Abdullahi da na Bello suka yi ta yawo a ƙasar Gobir, daga wannan zaure zuwa wancan.

A firamare duk littattafanmu a akwatin hedimasta suke kwana. Magana Jari Ce guda ɗaya muke da ita, bangonta ya daɗe da tafiya, kuma wanda aka ba ya riƙe ta ranar, ko tafiyarsa sai ta canza.

Na shiga Jami'ar Sakkwato a tsakiyar shekarun 1980, kafin a mayar da sunanta Jami'ar Usmanu Danfodiyo a 1988. Motar kasuwa ce ke kwashe mu ta Sabon Birni da Goronyo, mu isa birni jajaye wur da ƙura. Ranar da na fara shiga ɗakin karatun da ke ɗauke da sunan Abdullahi Fodiyo, tsayawa na yi bakin ƙofa ina kallon kantoci. Fankoki na ta juyi a sama, ba ka jin komai sai ƙarar buɗe shafi da tarin wani can ƙurya. Akwai akwatunan katako masu 'yan aljihuna cike da kati. Sai ka ja ɗaya, ka yi ta bi da yatsa har ka ci karo da sunan marubuci, ka rubuta lambar a tafin hannu, ka shiga nema. In jarrabawa ta ƙarato, wasu 'yan'uwanmu masu dabara sukan ɗauke littafin tarihi su kai shi maƙwabtaka cikin na ilimin tsirrai, inda su kaɗai suka san ɗakin da ya sauka. Allah ya yafe musu, yawancinsu yanzu dattawan kirki ne.

Zamaninmu ya faɗo daidai da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986. Naira ta faɗi, mujallun ilimi da ake sayowa daga Ingila da Amurka suka yi wa jami'o'in ƙasar nan tsada, da yawa suka daina zuwa. Muka koma dogaro da takardun da malamai ke bugawa da keken rubutu a gurza su a inji, tawadarsu na kama yatsa. Har yau ina jin warinta a hancina.

Abin da ya fi zauna mini a rai shi ne tafiyar Zariya. Malaminmu ya ce duk mai son yin rubutu a kan Gobir sai ya karanta kundin digiri na uku da Abdullahi Rafi Augi ya kammala a Jami'ar Ahmadu Bello a 1984, kan rawar da Gobir ta taka a tarihin ƙasar Rima har zuwa 1808, shekarar da Alkalawa ta faɗi. Muka yi karo-karo, muka bi ta Gusau da Funtuwa. Kundi ba a fita da shi, kuɗin fotokwafi kuma ya fi ƙarfinmu, don haka muka raba babi-babi, kowa ya duƙufa da biro. Da dare mu zauna a ɗakin wani ɗan garinmu da ya ba mu tabarma, ana shan gari da ƙuli-ƙuli, kowa na karanta wa saura abin da ya kwafo. A can na fara ganin sunayen garuruwan da na sha ji a bakin Inna an buga su cikin aikin ilimi, sai da idona ya kawo ruwa. Tarihin ƙofar gidanmu ne, amma sai da muka yi tafiyar yini guda muka same shi.

Sauyin ya zo a hankali, daga baya ya yi gudu. Wayar salula ta shigo a 2001, shagunan intanet suka buɗe a Sakkwato, ana sayen awa ana jiran shafi ya buɗe. A 2002 wasu masana suka fitar da sanarwa a Budapest cewa binciken ilimi ya kamata kowa ya karanta shi kyauta a intanet. African Journals Online ta tattara mujallun Afirka wuri guda tun 1998, JSTOR ta buɗe wa makarantun nahiyar taskarta ba biya a 2006, Zariya ma ta buɗe rumbunta mai suna Kubanni inda ake zuba kundaye. Ni da na tashi a zauren Baba, wannan tsari bai zame mini baƙo ba, na kuma yi murna da shi ƙwarai.

'Yar ƙanwata da ke karatu a Sakkwato ta ji wannan labari ta yi ta dariya. "Kawu, har Zariya don littafi guda? Ba ku da data ne?" Nan take ta buɗe waya ta nuna mini maƙaloli sun fi abin da muka gani a shekarunmu duka. Na sa mata albarka. Sai dai na lura ita kaɗai take karatunta, kai sunkuye, babu wanda take karanta wa da ƙarfi, babu mai ce mata ta sake maimaita wancan layin. Abin da hannu ya kwafa yakan zauna a kai, wanda aka sauke a waya kuwa sau da yawa yana nan yana jiran ranar da za a duba shi.

Kuma nisan bai ƙare duka ba. A Satumbar 2021, da aka katse sabis a Isa da Sabon Birni da wasu ƙananan hukumomin jihar saboda 'yan bindiga, ɗaliban da ke gida suka rasa hanyar ko duba sakamako. Hanyar da muke bi cikin dare muna waƙa a bayan mota, yau sai da addu'a ake hawanta da rana. Yaron Turba na bukatar caji da sabis da kwanciyar hankali kafin wannan taska ta amfane shi.

Roƙona ga jami'o'inmu na Sakkwato da Zariya da Kano da Katsina shi ne su sauko da tsofaffin kundayen da aka rubuta a kan Gobir da Zamfara da Kabi, su ɗauki hotonsu su ɗora a intanet kyauta, tun gara da ƙura ba su riga mu ba.