Kujerar biro: a tambayi ƙeya kafin a biya

Aikina rubutu ne, wuni guda gaban kwamfuta. Shi ya sa in zan sayi kujerar biro, majinginar kai nake fara dubawa.

Kan babban mutum ya kai kilo 5, ƙasusuwan wuya 7 ke ɗauke da shi. In ka wuni a duƙe, kafin la'asar wuya ya sage, ciwon kai ya biyo baya.

Daga Yamai har Damagaram, mutanenmu sun fi son ƙatuwar kujerar nan irin ta minista, don tana cika ido. Amma majinginarta a kafe take: gajere ta tura masa kai gaba, dogo ta tsaya masa a kafaɗa. Ga zafin Afrilu, fatar roba sai gumi.

Ni ta raga nake zaɓa, wadda majinginarta ke hawa da sauka. Ka zauna minti 10 a shagon, ka jingina, ka ji ta tallafi ƙeyarka ba tare da haɓa ta sunkuya ba, sannan ka ciro kuɗi. Baƙo zai yaba kujera ya tafi, kai za ka kwana da ciwon wuya.