Daga Agege Zuwa Idi-Araba

Jirgin ƙasan Red Line muka hau a tashar Agege, ni da gwaggona mai fama da sankarar mama. Tun da jirgin ya fara jigila a 2024, zuwa Mushin ya daina zama tafiyar wuni. Muka wuce Ikeja da Oshodi, muka sauka muka shiga keke zuwa Idi-Araba, unguwar da Hausa ke tashi a kowane lungu. Nan cibiyar kula da ciwon daji ta asibitin koyarwa na LUTH take, wadda aka buɗe a 2019.

Muna zaune a layi ta ce, "Ɗan nan, ashe jikina bai da garkuwa ne?"

Na ce, "Yana da ita, Gwaggo, cutar ce ke ɓuya."

Abin da ke damuna shi ne yadda mata irinta ke ɗora wa kansu laifi, ko su ce jifa ne. Alhali ga yadda cutar ke ɓuya: a cikin kusan kowace ƙwayar jiki akwai zaren gado, DNA, mai tsawon kusan mita 2, a naɗe jikin wasu furotin da ake kira histon, kamar zare a mazari. Inda naɗin ya yi sako-sako, ƙwayar takan karanta umarnin da ke wurin. Inda ya matse, shiru. Sankara takan yi amfani da wani sinadari, EZH2, ta ɗaure wuraren da ke ƙera alamar MHC-I, wadda da ita ƙwayoyin T na garkuwar jiki ke gane ƙwayar da ta lalace. Takan kuma toshe kiran da ke jawo su cikin ƙarin. Su kansu ƙwayoyin T, in faɗan ya daɗe, naɗin zarensu kan sauya har su gaji, gajiyar da ke da wuyar warwarewa.

Daɗin abin, rubutun gadon bai goge ba, kulle shi aka yi. A 2006 Amurka ta amince da vorinostat, maganin da ke sassauta wannan naɗi, don wata sankarar jini mai fitowa a fata. Yanzu ana gwada haɗa irinsa da magungunan farkar da garkuwa, waɗanda James Allison da Tasuku Honjo suka samu kyautar Nobel a kansu a 2018.

Gwaggo gashin na'ura aka rubuta mata, kuma shi ya dace da ita. Amma waɗancan magunguna kuɗinsu ya fi ƙarfin mai kasa tumatir a kasuwar Mile 12, gwajinsu kuma galibi a Amurka da Turai da Sin ake yi. Ina son in ga an yi shi a Idi-Araba, da matan Agege a cikinsa.